Gilashin da ke sauka ba ya hawa

Talata, hazo ya rufe gari.

Aikin yau Toyota Sienna ce, tsohuwar ƙira ta 1998 zuwa 2003, irin wadda ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya. Gilashin ƙofar gaba ta gefen fasinja ya sauka ya ƙi hawa. Direban ya shigo da injin gilashi na gwanjo a leda, ya ce: "Maigida, an ce min injin ne ya ƙone, a sauya kawai." Na ce ya ajiye ledar tukuna, injin da ke iya saukar da gilashi bai ƙone ba.

Fiyus ba ya cikin lissafi. Na amfiya 30 ne, shi da rile ɗinsa, wato makunnin da wuta ke kunnawa, su ke ba duka gilasan wuta, kuma na direba yana aiki garau. Maɓallin kulle gilasai ma na duba, don sau da yawa gwiwar hannu ke danna shi a zo ana neman rewaya. A buɗe yake.

Da makulli a kunne, ga abin da motar ta nuna: makunnin ƙofar fasinja yana saukarwa, ba ya hawarwa. Daga babban makunnin direba kuwa shiru, sama da ƙasa. Fitilar rufi ba ta dusashe ba sa'ad da aka danna sama. Da injin na samun wuta gilashin ne ya cije, da an ga haskenta ya ragu, saboda injin da ya maƙale yana zuƙar wuta ninki-ba-ninki.

A nan ne mutane ke ɓata kuɗi, don ba su san yadda Toyota ta ɗaura wayoyin ba. Injin wannan ƙofa waya biyu gare shi. A ba ɗaya wuta, ɗayar ta koma bodi, wato ƙarfen jikin mota da wuta ke bi ta koma batir, ya hau. A juya, ya sauka. To amma makunnin fasinja ba shi da hanyar bodi tasa ta kansa. Wuta kawai yake da ita. Hanyar komawa sai ta bi wayoyi biyu da suka ratsa ƙarƙashin dashbod, suka shiga ƙofar direba, suka bi ta babban makunni da maɓallin kullewa, sannan su taɓa bodi. Idan wayar saukarwa ta tsinke a wannan doguwar hanya, fasinja zai iya saukewa domin ɗaya wayar tana nan, amma hawa ba shi da mayarwa, direba kuma ba ya iya komai. Daidai abin da ke gabanmu ke nan. Ciwon yana ƙofar dama, maganin yana ta hagu.

Duk da haka sai an tabbatar. Muka kwance sukurorin mariƙi, muka ɓalle allon ƙofa daga ƙasa a hankali don maɓallan roba sun bushe, muka ɗaye ledar ciki rabi. Wannan leda kada a yar da ita, ita ke hana ruwan damina jiƙa allo da soket. Na zare soket ɗin inji, na sa fitilar gwaji tsakanin wayoyin biyu: a ƙasa ta kama, a sama babu. Na mayar da ƙafar fitilar ɗaya jikin notin bodi, aka danna sama, ta kama. Wuta na zuwa, hanyar komawa ce babu. Na fi yarda da ƙwan fitila mai wat 21 a irin wannan gwaji a kan mitar auna wuta, domin silin waya ɗaya tak da ya rage zai nuna maka bolt 12 a mita, amma ba zai iya ɗaukar nauyin inji ba.

Injin kuma muka ba shi wuta kai tsaye daga batir ta fiyus, muka juya wayoyin. Ya hau, ya sauka, sai dai da nishi.

Sai robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofar direba da ginshiƙi. Ƙofar da aka fi buɗewa a mota ke nan, shekara ashirin da ɗoriya wayoyin na lanƙwashewa a wuri guda. Na tura robar baya, na riƙa jan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Guda ta miƙe kamar danƙo: rigarta lafiya, tagullar ciki ta rabu. Biyu a gefenta rigarsu ta tsage, koren tsatsa ya fara cin su.

Ba a haɗa irin wannan a inda ta tsinke. Dalma ba ta lanƙwasa, mahaɗin zai sake karyewa a gefensa. Muka yanke wurin gaba ɗaya, muka zura sabuwar waya mai kaurin ta asali, kamar taƙi ɗaya da rabi, mahaɗi ɗaya cikin ƙofa, ɗaya cikin ginshiƙi, aka like da dalma aka sa robar da ke tsukewa da zafi. Tef na baƙi zafin Afrilu zai narkar da gam ɗinsa. Duka ukun aka yi musu haka, batir a cire.

Nishin injin kuwa ƙura ce. Robar da gilashi ke bi ta cika da ita har ta yi ɓawo. Yaron shago ya wanke ta da tsumma da ruwan sabulu, ta bushe, aka fesa silikon. Ba a sa baƙin mai, don kumbura roba yake yi, ya kuma tara ƙasa. Giris kaɗan a kan ƙarafan ɗagawa, aka ƙara ɗaure notocin da sifana lamba 10.

Kafin mayar da allo mun gwada daga makunnan biyu, ƙofar direba a rufe, a buɗe, da rabi-rabi ana kaɗa ta. Direban ya ɗauki ledarsa zai mayar wa mai kayan gyara, in ya yarda ya karɓa.