Wasiƙa daga Morishas, inda ake raba kujeru da ƙidayar 1972

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Port Louis, babban birnin Morishas, tsibirin nan da ke tekun Indiya, gabas da Madagaska. Jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba, kuma babu mai bugun ƙirji ya ce kakansa ne ya sari dajin. Da Turawan Holan suka zauna a 1638 ba su tarar da kowa ba. Faransawa suka biyo a 1715, suka shigo da bayi daga Madagaska da Mozambik. Ingila ta ƙwace a 1810, da aka hana bauta a 1835 kuma sai aka riƙa kwaso leburori daga Indiya zuwa gonakin rake. Yau kusan rabin jama'a mabiya addinin Hindu ne, Kiristoci kimanin ɗaya cikin uku, Musulmi kuwa ba su cika ɗaya cikin biyar ba. Babban masallacin Juma'a na birnin yana bakin unguwar 'yan Sin, kuma a kasuwa kowa harshen Kiriyol yake yi.

Baƙo kan ga wannan ya ce ai sun manta da ƙabila. Ina! Ba su manta ba, lissafa ta suka yi. Ana saura makonni a karɓi 'yancin kai a ranar 12 ga Maris 1968, an zubar da jini tsakanin Musulmi da Kiriyol, wato galibi jikokin bayin nan, a cikin wannan birni, sai da sojojin Ingila suka shiga tsakani. Da wannan tabon aka tashi.

Ga yadda suke zaɓe. Akwai mazaɓu 20 a babban tsibirin, kowace da wakilai uku, sai ta tsibirin Rodrigues mai wakilai biyu. Mai ƙuri'a mutum uku zai dangwala wa, don haka jam'iyya kan auna kowace mazaɓa ta haɗa 'yan takararta yadda kowane ɓangare zai ga nasa. Bayan an sanar da sakamako, hukumar zaɓe tana iya ƙara har kujeru 8 ga waɗanda suka faɗi da ƙuri'u masu yawa, domin cike wa al'ummar da aka bari a baya. Wanda ya san rigimarmu ta raba daidai da karɓa-karɓa a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin mulki rukuni huɗu kawai ya sani: Hindu, Musulmi, 'yan asalin Sin, sai kowa da kowa da ya rage. A wannan rukuni na ƙarshe aka zuba jikokin bayi tare da jikokin Faransawan da suka mallake su, masu manyan gonakin rake da otal-otal har gobe. Kuma alƙaluman da ake rabon da su na ƙidayar 1972 ne, domin tun daga lokacin ba a sake ƙirga ƙabila ba. A ganina wannan ɗinki ne da ya hana riga yagewa, amma ya matse wasu. An ga haka a Fabrairun 1999, lokacin da mawaƙi Kaya, ɗan Kiriyol, ya rasu a hannun 'yan sanda, unguwannin Kiriyol suka kama da wuta.

Kujerar firaminista ma ta kusa zama gado. In ka cire Paul Bérenger da ya riƙe daga 2003 zuwa 2005, gida biyu ne kawai suka ɗana ta, na Ramgoolam da na Jugnauth, uba da ɗa kowanne. Musulmi sun samu ta shugaban ƙasa, wadda ta fi ƙarfi a girmamawa: Cassam Uteem, sannan Ameenah Gurib-Fakim a 2015.

Sai dai talaka a nan yana iya korar mai mulki. A Nuwamban 2024 gwamnatin Pravind Jugnauth ta toshe shafukan sada zumunta ana dab da zaɓe, washegari ta janye saboda ihun jama'a. Ranar 10 ga watan ƙawancen Navin Ramgoolam ya share kujeru 60 na babban tsibirin kaf, Jugnauth kuma ya amince da kaye tun kafin a gama ƙirga. Cikin wannan ƙawance har da Rezistans ek Alternativ, 'yar ƙaramar jam'iyyar da ta kai ƙarar tilasta wa ɗan takara bayyana rukuninsa gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma yi nasara a 2012.

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Port Louis