Gemun auduga da kwanon alawa

Azumin 1996 a tsakiyar hunturu ya zo mana, ina ɗan shekara 10, kuma a shekarar ne yayana ya yarda na fara bin su tashe. A unguwarmu ta Yakasai, cikin birnin Kano, ba a fita tashe sai azumi ya kwana 10. Shiri kam tun daren da aka ga wata muke fara shi.

Mu bakwai ne, ni ne ƙaraminsu, amma ni aka ba wa tsoho da gemu, wai don ƙaramin yaro da furfura ya fi sa mata dariya. Audugar gemun daga tsohuwar katifar kakarmu muka zare ta kaɗan-kaɗan ta wata ɓula da ke gefe. Ƙaro muka jiƙa tun da hantsi, da ya yi danƙo aka shafa mini a haɓa aka manna audugar. Babbar rigar kuwa tsohuwa ce, ta mahaifinmu, sai da aka naɗe ta sau uku a kafaɗata kafin na iya tafiya. Aka cusa mini tsumma a baya ya zama doro, aka zana mini tamoji a goshi da gawayi, aka ba ni karan dawa a matsayin sanda. Wanda ke wasan na ci na kasa tashi kuwa matashin kai guda aka ɗaure masa a ciki. Gangarmu gwangwanin madara ce da aka ja wa ledar siminti a baki. Ko sisi ba mu kashe ba.

Ana idar da asham muke fita. Har yanzu ina jin sanyin nan da ke shiga ta hannun rigar, da ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya da ke fitowa daga kowane zaure. Mu tsaya a soro mu yi sallama, yayana ya ɗaga murya: "Inna, 'yan tashe ne, a yi?" Wani gidan a ce mu shigo, wani a ce Allah ya ba mu haƙuri. Inda aka ce mu shigo, tsakar gida ta zama fage. Mata su bar wanke-wanke, yara su fito daga ɗaki, ni kuma in duƙa ina kyarma ina tari irin na tsofaffi, sauran suna amshi suna tallabe ni. A lokacin kwabo 50 da naira 1 sun riga sun zama tsabar ƙarfe, su aka fi jefa mana a kwano. Gidan da aka ba da naira 5 ta takarda kuwa, sai mun yi mako muna labarinsa.

'Yan matan layinmu nasu daban yake. Ƙwarya suke kifawa a kan ruwa suna kaɗawa, ɗaya ta sa hula da riga ta zama Daudu, ɗaya ta zama Mairama, a yi ta koya wa amarya zaman gidan miji cikin waƙa. Su hatsi aka fi ba su. Manya kuma suna da na gwauro, wanda Nalako, sarkin gwaurayen Kano, ke jagoranta, mu dai daga nesa muke hango su.

Gida ɗaya ne ba zan manta ba. Wata tsohuwa ce a ƙarshen lungu, kowa Iya yake ce mata, idonta ya tafi tun kafin a haife ni. Sauran ƙungiyoyi ba sa shiga wurinta, sun san babu kuɗi. Daren farko mu ma mun so wucewa, sai ta ji gangar ta kira mu daga ɗaki: "'Yan nan, ni ba za a yi mini ba?" Muka shiga muka yi, rabin zuciyarmu tana waje. Da muka gama ta ce a kawo mata tsohon. Na matsa, ta lalubi fuskata, ta shafa gemun a hankali har zuwa ƙarshensa, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ƙaninta ma shi ne yake yin tsoho a zamaninsu, da gashin akuya. Sannan ta jawo wata 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin gado ta damƙo mana gero cikin tafin hannu, ta yi ta sa mana albarka har muka fita. A hanya wani daga cikinmu ya ce mun ɓata lokaci. Yayana bai tanka masa ba, amma daga ranar kullum da ɗakin Iya muke buɗe dare.

Ni ma na yi nawa laifin a azumin. Ni ke riƙe kwanon kuɗi idan ba na wasa, wani dare sai na soke naira 1 a ƙugun wando. Da aka zauna rabo a zaurenmu, yayana ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, domin ashe yana lissafin abin da kowane gida ya bayar a kansa. Bai tambayi kowa ba. Ya raba kashi bakwai, ya ɗauki naira 1 daga nasa ya cike gurbin. Kwana na yi ban runtsa ba, da asuba na ajiye masa ita a kan tabarmarsa. Bai taɓa ɗaga maganar ba har yau, kuma washegari ni ya sake miƙa wa kwanon.

Shekaru suka ja, na yi aure, na koma sabuwar unguwa inda kowane gida da katanga mai tsayi da get na ƙarfe. Babu soro balle yaro ya tsaya ya yi sallama. Ga kuma ɓata-gari da suka shiga rigar tashe suna fito da makamai suna ƙwacen waya, har ta kai 'yan sanda sun sha sanar da dakatar da shi a Kano. Ban ga laifin hukuma ba, na san mutanen da aka tare. Sai dai abin ya shafi har 'yan ƙananan da ba su san komai ba sai gwangwani da auduga. Wani dare na ji ana buga get, na leƙa ta sama na ga yara huɗu, babbansu bai fi shekara 9 ba. Na gaji, na ce wa ɗana ya ce su yi haƙuri. Ina jin sautin gwangwaninsu yana nisa, sai ɗakin Iya ya faɗo mini. Ita da ba ta da komai kiran mu ta yi.

Ƙanwata da ke karatu a Amurka ta taɓa turo mini hotunan bikin Halloween na daren 31 ga Oktoba, yara sun yi shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alawa. Asalin nasu daban, namu daban, kuma a ganina namu ya fi, domin ɗan tashe sai ya yi wasa ya faɗakar kafin a ba shi. Amma abu ɗaya ta faɗa da na riƙe: a can duk gidan da ke maraba da yara fitilar ƙofarsa yake bari a kunne, wanda ba ya so ya kashe, yaro ba ya shan kunyar kora.

A azumin 2023 na gwada. Lokacin ƙarancin takardun naira bai gama sakin mutane ba, canji ya yi wuya, don haka uwargida ta ce mu yi abin hannu. Ta yi alawar madara da gullisuwa, na sayo dabino da ledar Tom Tom, muka ƙulla a ƙananan ledoji. Na yi magana da maƙwabta biyu, muka yarda 'yan layinmu kawai, ƙanana, daga shan ruwa zuwa kiran isha'i, kuma da babba a tsaye. Na kunna fitilar waje, na buɗe ƙaramar ƙofa, na shimfiɗa tabarma. Daren farko na yi kuskuren miƙa ledojin ga babban cikinsu, kafin su kai kwanar layi na ji kuka. Daga nan kowane yaro a hannunsa nake sa masa. Na kuma gane kada a yi saurin ba su. Idan ka miƙa tun suna tsakiyar waƙa, fuskarsu faɗuwa take yi, sun ɗauka sallamar su kake. Sai ka zauna, ka kalla har ƙarshe, ka yi dariya inda ya kamata.

A dare na uku wani ɗan ƙaramin tsoho ya shigo, gemunsa na audugar asibiti an liƙa da salatif, gefe ɗaya ya saki yana lilo. Ya tsaya cak a tsakiyar wasan zai yi kuka. Na ce, "Zo nan, Malam." Na aika aka ɗebo mini ragowar kunu a cokali, na shafa masa a haɓa, na danna audugar da babban yatsa har ta kama. Ya taɓa ya ji ta zauna, ya ɗauki sandarsa, ya duƙa, ya ce wa mai gwangwani, "Daga farko."