Filasmar Alhaji da waya mai kai uku

Ina shekara ta biyu a shagon maigidana mai haɗa dish a Kano aka fara aikena aiki ni kaɗai. Wani Alhaji ne ya sayo filasma mai inci 55 a kasuwar Sabon Gari, kwana uku ke nan, kuma ya rantse an cuce shi. Ina shiga falon ya ce, "Yaro, tsohuwar tibina mai ƙatuwar ƙeya ta fi wannan fito da fuskar mutum."

Ɗokin nuna gwaninta ya hana ni ko leƙa bayan tibin. Tsani na ɗauka na haye rufi, na yi kusan awa ina juya dish ina taɓa LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, rana tana gasa ni. Alhali sigina lafiyarta lau. Lokacin ban san cewa a tsarin dijital ƙarin sigina ba ya ƙara wa hoto kyau ba, ba kamar zamanin eriya ba da hoto ke yin shinkafa-shinkafa. Idan siginar ta isa, hoto ya fito yadda aka aiko shi. Idan ta gaza, ya kakkarye gida-gida ko ya tsaya cak, irin abin da ake gani in hadari ya haɗo.

Da na gaji na buga wa maigida. Abu ɗaya ya tambaye ni: wace waya ce tsakanin resiba da tibin? Na duba, sai ga tsohuwar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Rawayar ce kaɗai ke ɗaukar hoto, kuma iyakarta layi 576, ma'aunin tsarin PAL da muka taso da shi. Sabuwar tibin kuwa ɗigo 1920 gare ta a kwance, 1080 a tsaye. Dole ta miƙe ɗan abin da aka ba ta ya cika gilashi, tamkar a ɗauki hoton fasfo a buɗa shi ya rufe bango. A inci 21 aibin ɓoyuwa yake, a inci 55 kuwa asiri ya tonu.

Na sa wayar HDMI, ta dijital mai kai ɗaya da ke iya ɗaukar layi da yawa, amma sauyin bai kai yadda na zata ba, har gabana ya faɗi. Ashe a cikin saitin resibar ma 576 aka bari. Na mayar da shi 1080i, wato layi 1080.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya zame mini ɗabi'a har yau. Na bar wayoyin biyu a jone, na kama tashar ƙwallo mai HD, wato hoto mai layi da yawa, ina sauyawa tsakaninsu da rimot. Ido ba ya riƙe hoton jiya, sai an jera masa biyu a take. A ɗaya fili kore ne kawai kamar an shafa fenti, a ɗayar kuma ga ciyawa ɗaya-ɗaya, ga lambar bayan riga raɗau. Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Kai, ashe da ran abin!"

Murna ba ta daɗe ba. Ya karɓi rimot ya koma wata tashar kyauta da yake jin wa'azi, hoto ya koma dishi-dishi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan daga can aka aiko ta a haka, ko wayar zinariya aka sa ba za ta gyaru ba." Hoton da ya gani a kasuwa kuwa har ya ciro kuɗi, bidiyon talla ne daga filash, an ƙure masa haske da launi.

Tashar wa'azin mai ma'aunin 4:3 ce, irin na tsohuwar tibin, an ja ta ta cika 16:9 na filasma, malamin ya yi faɗi kamar an zauna masa a ka. Na gyara, baƙi ya fito dama da hagu. Alhaji ya ce sam, inci 55 ya biya, inci 55 zai kalla. Na mayar masa da malaminsa mai faɗi, na naɗe waya mai kai ukun na jefa a jaka.