Abin da dogon zango ya koya mini game da doki

Idan aka ambaci gasar dawaki a Tawa, abin da yake zuwa wa mutane a rai shi ne sukuwa, inda ake sakin dawaki a fili, ƙura ta tashi, kafin minti uku an san gwani. Ni kuwa a wani fanni dabam na yi rayuwata, wato gasar dogon zango, wadda doki da mahayinsa suke cin kilomita 80, ko 120, ko ma 160 a yini guda, kuma ba a ba mutum nasara sai likitan dabbobi ya tabbatar da cewa dokin ya iso da lafiyarsa.

A bargar kawuna na tashi, kuma kafin ya yarda in ɗaura sirdi sai da na daɗe ina kwashe kashin dawaki, ina jiƙa dusa, ina ɗauko harawa. A wurinsa na koyi cewa sassarfa ce uwar horo. Bayan sallar asuba mukan fita, mu bi rairayi domin cinyoyin doki su yi ƙarfi, sannan mu hau tsakuwar Adar a hankali domin kofato ya taurara. Daga baya na fahimci dalilin wannan haƙuri: zuciya da huhun doki suna ƙarfafa cikin ƴan watanni, amma jijiyoyi da ƙasusuwan ƙafa sai sun shekara, har fiye. A wannan tsakanin ne ake lalata dawaki da yawa, domin dokin yana jin ƙarfi, yana fizgar linzami, mai shi ya ɗauka ya isa, alhali ƙafafunsa ba su ƙosa ba. Hukumar wasan dawaki ta duniya, FEI, ba ta barin dokin da bai kai shekara 8 ba ya shiga kilomita 160. Mu kuwa a nan, ɗan shekara 2 ake ɗora wa ƙato ranar hawan salla, kuma ban taɓa ganin abin ya yi kyakkyawan ƙarshe ba.

Dawakin Larabawa ne suka mamaye wannan gasa a duniya, daga Dubai har zuwa gasar Tevis ta Kalifoniya a Amurka, wadda ake yi tun 1955. Namu ba su kai su sauri ba, amma suna jure ƙishirwa da rana, kuma kofatonsu yana taka dutse ba tare da an buga masa takalmin ƙarfe ba.

Inda ake cin gasa ko a faɗi shi ne wurin binciken likita, wanda ake tsayawa a ƙarshen kowane zango. A ƙa'idar FEI, dole bugun zuciyar doki ya sauko zuwa 64 a minti cikin ƙayyadadden lokaci, sannan a ja shi da sassarfa a gaban likita a ga ko yana ɗingishi. Saboda haka tun da sauran tazara nakan sauka, in sassauta majayin sirdi, in ja shi da ragama ina tafiya a ƙasa. Da mun iso, yara su yi ta kwara masa ruwa a wuya da tsakanin cinyoyi, ni kuma in tsunguli fatar kafaɗarsa. Idan ta koma nan take, jikinsa da ruwa. Idan ta tsaya a tattare, to a ranar mun gama, ko da mu ne a gaba. Nakan ɗaga leɓensa in danna dasashi da yatsa in ga yadda jini yake dawowa, in kuma kafa kunne a kwiɓinsa, domin cikin doki mai lafiya ba ya yin shiru.

A kan shayarwa ne na saɓa wa dattawa, waɗanda suke hana doki ruwa idan ya yi gumi. A dogon zango, duk rijiyar da muka tarar sai ya sha, muddin za mu ci gaba da tafiya. Wannan ma sai an koya masa, domin dokin da ya saba da bokitinsa na gida yakan shinshina komin da shanu suka sha ya kau da kai. A kan ba doki kanwa kuwa gaskiyarsu ce, tunda gumin doki yana fitar da gishiri mai yawa, har ka ga farinsa ya bushe a kan akawal, wato baƙin doki, bayan ya huce. Ina ba da ita kaɗan a cikin ruwan dusa, tare da gishiri.

Kayan hawan sarauta, da sirdinsu mai nauyi da linzami mai kaifi da aka yi domin zamiya a ƙofar fada, ba na wannan aiki ba ne. Kafin azahar sun buɗe miki a gadon baya, sun kuma yanka baki. Haka nan ba na shiga gasa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, sai dai Disamba da Janairu. Washegarin kowace gasa, kafin in ba shi gero, nakan tsuguna in shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato, kuma idan na ji zafi ko kumburi a ɗaya, sai in ajiye sirdi har ta warke sarai.