Sukarin da nake sa wa giya kafin in rufe kwalba

Giyar da ta gama tsima a bokiti lami take, domin yawancin gas ɗin da yis ya samar ya riga ya fice ta bututun murfi. In ana son ta yi kumfa a kofi, sai a ƙara mata ɗan sukari a rufe ta a kwalba. Yis ɗin da ya rage zai cinye sukarin, gas ya rasa hanyar fita, ya narke a cikinta. Aikin ba wuya, amma a nan ne kwalba ke fashewa, kuma tartsatsin gilashi ba ya zaɓen inda zai sauka.

Kafin in taɓa sukari sai na tabbatar tsimar ta ƙare. Ba na yarda da cewa bututu ya daina ɓulɓul. Murfi na iya yoyon iska, sanyi kuma na iya sa yis ya kwanta alhali bai gama aiki ba. Haidromita nake sakawa, wato ma'aunin kaurin ruwa da lambarsa ke sauka yayin da yis ke cinye sukari, in rubuta lamba, in sake aunawa bayan kwana biyu ko uku. In yau 1.010 ce, ran nan ma 1.010, to madalla. In ta motsa ko da ɗigo ɗaya ne, kamar daga 1.010 zuwa 1.009, sai in rufe bokiti in ƙyale shi.

Ga dalilin taurin kaina. Masu haɗa giya suna auna gas da ninki: ninki ɗaya shi ne lita ɗaya ta gas a cikin lita ɗaya ta giya. Yawancin giya ninki 2.2 zuwa 2.6 ake nema, kwalbar giya ta yau da kullum kuwa ba a son a wuce ninki 3 da ita. To kowane ɗigo ɗaya na haidromita da yis zai ci bayan an rufe kwalba yana ƙara kusan rabin ninki. Wanda ya ɗura giya a 1.014 alhali za ta sauka zuwa 1.010, ya tara wa kansa kusan ninki 2 a ɓoye, ga kuma sukarin da ya zuba da hannunsa. Shi ya sa sukarin da bai gama tsima ba ya fi ba ni tsoro a kan wanda ke kan sikeli.

Lissafin sukarin kansa mai sauƙi ne. Giyar da ta tsima a digiri 20 tana riƙe da kusan ninki 0.85 tun a bokiti, kuma giram 4 na farin sukari a kowace lita yana ba da kusan ninki ɗaya. Giram 6 a lita ke nan ya wadatar, wato giram 120 ga lita 20. Da sikeli nake aunawa, ba da cokali ba, kuma da yawan giyar da za ta shiga kwalba nake lissafi, ban da abin da ya kwanta a ƙasan bokiti. Ina tafasa sukarin a ɗan ruwa, ya huce, in zuba a bokiti mai tsabta, sannan in jawo giyar kansa da tiyo a hankali. In ba a gauraya da kyau ba, wata kwalba za ta fito lami, maƙwabciyarta ta yi ambaliya.

Kwalabe masu kauri nake zaɓa. Kowace sai na ɗaga ta a haske, mai tsaga ko ɓantaren baki in jefar, sauran in wanke in kashe ƙwayoyin cuta, don baƙon yis yana cin sukarin da namu ya bari, ya yi ta tara gas har watanni. Ina barin sarari kamar santimita 3 a wuya.

Cikin kowane ɗuri nakan cika gorar roba ɗaya irin ta lemo. Ranar farko in na matsa ta lotsawa take. Ran da ta yi tauri kamar sabuwar da ba a buɗe ba, na san na gilashi ma sun kai, yawanci bayan mako biyu a digiri 18 zuwa 22. In kuwa ta sandare cikin kwana biyu, da matsala. Duk tsawon lokacin nan kwalaben na cikin rufaffen kwali, nesa da rana da yara.

In gwaji ya nuna gas ya yi yawa, a sa tabarau da safar hannu mai kauri kafin a ɗauki ko ɗaya. Firji za su fara shiga su kwana, domin sanyi yana tsayar da yis ya kuma rage matsin da ke ciki. Washegari a lulluɓe kowace da tawul, a ɗaga murfin kaɗan har a ji tsss, a bari ya lafa, a sa sabon murfi, a mayar da su firji, kada su sake komawa ɗaki mai ɗumi.