Albashin mai auna ruwa

Takardar farko da na rubuta a ofishin, jan biro ya cinye rabinta. Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar muhalli a jihar Niyu Meksiko ta Amurka, makaranta ta tura ni neman sanin makamar aiki na wata huɗu a ofishin muhalli na wata ƙaramar ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. Ma'aikatan ofishin kaf su uku ne. Shugabar, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta ce in tsara abin da za a nema a tallafin shekara mai zuwa. Ni kuwa da zumuɗin sabon shiga na cika takarda: injin tace ruwa, gyaran rijiyoyi biyu, sabon bututu zuwa gidajen bayan gari. Ta karanta a tsaye, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sokewa, sannan ta ce kuɗin nan ba na wannan ba ne.

Kafin in ci gaba sai na gyara wata kalma, don ni ma ta ruɗe ni. Idan an ce ƙabila a can, gwamnati ake nufi. Akwai sama da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su, 229 daga ciki a Alaska kaɗai, kuma kowace tana da majalisarta da dokokinta, da yawa har da kotu da 'yan sanda. Da Washington suke hulɗa kai tsaye, gwamnan jiha ba ya yi musu iko da ƙasarsu. Tun 1984 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta rubuta manufar cewa za ta yi aiki da su gwamnati da gwamnati. Sai dai manufa ba ta biyan albashi, shi ya sa a 1992 majalisar dokoki ta kafa shirin tallafin da kowa a fagen yake kira GAP.

Shi ne kuɗin da na so in haƙa rijiya da shi. Doka ta ce na gina ƙarfin ofis ne: a ɗauki ma'aikaci, a horar da shi, a sayi kwamfuta da kayan awo, a rubuta dokokin muhalli, a tattara bayanai. Aikin da za a gani da ido ba ya ciki, in ban da harkar shara da tarkace masu guba. Tallafin shekarar farko ba ya gaza dala 75,000, ba a kuma neman ƙabila ta sa nata kason. Duka kasafin shirin a shekarun nan bai kai dala miliyan 80 ba, ga masu rabo kusan 500. Kowa ya buga lissafi zai ga abin da ke zuwa hannun ƙabila ɗaya bai wuce dala dubu ɗari da 'yar ɗoriya ba, wato albashin mutum ɗaya ko biyu, da man mota, da kuɗin zuwa taro.

Gaskiya raina abin na yi. A zuciyata na ce wannan ai an ba ka tukunya an hana ka wuta. Mutane na shan ruwan da ake shakkarsa, mu kuma muna cika rahoton wata uku-uku, muna lissafa sau nawa aka yi taron wayar da kai. Na faɗa mata haka, cikin ladabi dai. Ba ta yi musu da ni ba, ta ce in je in karanta shari'ar Isleta in dawo.

Isleta ƙabila ce da ke zaune a bakin kogin Rio Grande, ƙasa kaɗan da birnin Albuquerque. Duk ruwan dattin da birnin ya tace ya saki, ta ƙofarsu yake wucewa, kuma da ruwan nan suke noma, da shi suke wasu bukukuwan addininsu. A 1987 aka yi wa dokar tsaftar ruwa gyara, aka ce ƙabilar da ta nuna tana da gwamnati mai aiki da ƙwarewar gudanarwa za a iya ɗaukarta tamkar jiha, ta kafa nata ma'aunin tsaftar ruwa. Isleta ta nema ta samu, a 1992 aka amince da ma'auninta, wanda ya fi na jihar tsauri nesa ba kusa ba, musamman kan sinadarin arsenik mai guba. Albuquerque ta garzaya kotu. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ma'aunin ya zauna, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Mutanen da ba su wuce 'yan dubbai ba suka sa birni mafi girma a jihar ya kashe miliyoyi ya gyara matatarsa.

Abin da ya tsaya mini shi ne sharaɗin nan na ƙwarewa. Da me ƙabila za ta nuna ta? Da ma'aikaci mai takarda, da littafin awo na shekaru, da doka a rubuce. Nan na gane abin da dattijuwar take yi duk ranar Litinin da take cika kwalabe a wurare guda shida na rafin garin, rani da hunturu, ko da ruwan ya yi garau. In wata rana ruwa ya ɓaci, wanda ba shi da awon shekarun baya ba shi da bakin cewa ya ɓaci. Ta tuna mini Agustan 2015, lokacin da galan miliyan uku na ruwa mai guba ya ɓalle daga tsohuwar mahaƙar Gold King a Kolorado, a hannun ma'aikatan da EPA ɗin kanta ta tura. Kogin Animas ya koma ruwan ɗorawa, ya gangara kogin San Juan, manoman ƙabilar Navajo suka rufe hanyoyin ban-ruwa. Su Navajo suna da tasu hukumar muhalli, don haka ba su zauna jiran a gaya musu abin da ke cikin ruwansu ba.

Labarin Navajo ya taɓa ni ta wani gefen ma. Tsakanin 1944 da 1986 an haƙi tan kusan miliyan 30 na dutsen yuraniyom a ƙasarsu, aka tafi aka bar ramuka sama da 500. Ni ɗan Agadas ne, na san Arlit, garin haƙar yuraniyom, na san tulin tarkacen da ke bayan gari, na kuma san an rufe mahaƙar Cominak a 2021. Da na gaya wa dattijuwar, sai ta tambaye ni wa ke riƙe da littafin awon ruwan garin, kamfani ko mutanen gari. Na yi shiru.

Duk da haka ban canza ra'ayi gaba ɗaya ba, kuma ba na jin zan canza. Kuɗin ya yi kaɗan. Yaro ya samu horo shekara biyu, ya iya aiki, sai kamfani ko jiha su ninka masa albashi ya tafi, a koma farawa daga tushe. Ga kuma takardu. Na ƙirga, kusan rabin makon dattijuwar a gaban kwamfuta yake ƙarewa. Uwa uba, kuɗin da majalisa ke warewa shekara-shekara ba naka ba ne sai ya shiga asusu. Ƙauyen Kipnuk na Alaska ya samu tallafin dala miliyan 20 daga wani shiri dabam don kare gaɓar koginsa daga zaizaya, a 2025 aka soke shi. A Oktoban shekarar ragowar guguwar Halong ta afka wa ƙauyen, ruwa ya tafi da gidaje, aka kwashe ɗaruruwan mutane a jiragen sama. Ko an bar kuɗin ba lalle a ce an gama aikin kafin ruwan ya zo ba, amma wanda ya kwana yana cika takardun neman tallafin nan, ban san me za a ce masa ba.

Takardata ta biyu ta wuce da gyara kaɗan. Ba rijiya a ciki. Na sa horon ma'aikaci ɗaya, da na'urar auna ruwa, da kwashe tsofaffin batura da firji daga bola, da rubuta daftarin dokar ruwa da za a kai gaban majalisar ƙabilar. Rijiyoyin biyu kuma ta nuna mini wata ƙofar da ake bi, ta hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar, inda layi yake da tsawo. Ranar Litinin ta ƙarshe ni na ɗauki akwatin ƙanƙara muka gangara rafi. A wuri na huɗu ta miƙo mini kwalbar da biro, ta ce in rubuta kwanan wata da lokaci da kyau, don mai karantawa wataƙila ba a haife shi ba tukuna.