Sai da aka auna gwiwata kafin a ƙera mini jita

A karkace na yi shekarata ta farko ina koyon jitar feda. Ni dogo ne, mita 1.88, jitar da na saya kuwa ta hannu ce, wadda aka yi don matsakaicin mutum. Da zarar na ɗora ƙafar dama a kan fedar murya, sai gwiwata ta daki cikin jitar. Dole in ja kujera baya, in miƙe ƙafa, in ranƙwafo. Kafin minti arba'in bayana ya fara ciwo. Ni duk a zatona kowa ma haka yake fama.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, wannan jita da Amurkawa ke kira fedal-sitil ba rungumarta ake yi ba. A kwance take bisa ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur, kai kuma ka zauna a gabanta. Hannun hagu na riƙe da wani mulmulallen ƙarfe mai santsi, kaurinsa bai cika inci guda ba, kana zamar da shi a kan tsirkiya. Hannun dama na sanye da farcen aro guda uku, na roba a babban yatsa, na ƙarfe biyu a manuni da na tsakiya. Ƙafar hagu na taka fedoji, ta dama na ƙara murya ko rage ta, gwiwoyi kuma na tura wasu 'yan sanduna da ke rataye a ƙasa, waɗanda ake ce wa liba. Kowace feda ko liba tana ɗame wasu tsirkiyoyi ko ta sassauta su, sai murya ta hau ko ta gangara tun ba ta mutu ba. Hannu biyu, ƙafa biyu, gwiwa biyu, duk a bakin aiki lokaci guda. In jitar ba ta yi daidai da jikinka ba, ba hannu kaɗai zai gaya maka ba.

Zamar da ƙarfe a kan tsirkiya daga tsibiran Hawai ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, kuma Joseph Kekuku ake jingina wa shi. Feda ta shigo tun wajen 1940, amma da ita ake sauya saiti kawai, a ɓoye, kada mai sauraro ya ji. Sai a 1953 makaɗi Bud Isaacs ya taka ta tsirkiya na cikin kuka, a wata waƙa ta Webb Pierce, da jitar da Paul Bigsby ya ƙera. Makaɗan Nashbil, birnin da ke cibiyar kiɗan kantiri na Amurka, suka ji abin da ba su taɓa ji ba, kowa ya koma gida yana ƙulle-ƙullen waya da ƙarfe a jikin tasa. Sho-Bud ma, kamfanin da Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa a shekarun 1950, a gareji ya fara. Na kawo wannan ne don a san cewa yin odar jitar feda a wurin maƙeri ba almubazzaranci ba ne. Har yau yawancinsu daga ƙananan maƙeru suke fitowa, mutum ɗaya ko biyu da injin yanka alminiyam.

Bayan ciwon baya, tsohuwar jitata na da wata matsalar: feda uku gare ta, liba ɗaya tak. Bari in nuna abin da hakan ke nufi, don a nan ne na gane araha ba ta ado.

Saitin da kusan kowane ɗan koyo ke farawa da shi sunansa E9, tsirkiya goma. Fedar A tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga muryar B zuwa C#. Fedar B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Akwai libar da ke sauke tsirkiya ta 4 da ta 8 daga E zuwa D#, akwai wadda ke ɗaga su zuwa F, wato libar F. To ka aza ƙarfenka a layi na 3, cikin layukan da aka zana a ƙarƙashin tsirkiya, ba ka taka komai ba, haɗin muryoyin G ke nan. Taka A da B tare, ta zama C. Saki A, ka bar B, ka tura libar saukewa, ga D7. Ginshiƙan waƙa uku sun samu, hannun hagu ko motsi bai yi ba. Ita G ɗin nan kuma tana jiranka a layi na 10 da A da B, sannan a layi na 6 da fedar A da libar F. Wannan ta tsakiyar ita ce gadar da ake bi a hau daga 3 zuwa 10 cikin laushi, kuma ita ce ba ni da ita. Duk darasin da na buɗe, ba na yin nisa sai in ci karo da harafin F, in tsaya ina kallo kamar wanda aka ba tsani babu matakin tsakiya.

Da na yanke shawarar yin oda, sai kwaɗayi ya shigo. Na zauna na zana jadawalin abin da kowace feda da liba za su yi, wanda makaɗa ke kira kofedan. Na tsinto dabarar wannan gwani, na haɗa da ta wancan. Wuya biyu nake so, wato jerin tsirkiya biyu, ɗaya a saitin E9 ɗaya a C6, feda takwas, liba bakwai, katako mai zane da fenti mai ƙyalli. Na aika wa wani dattijon maƙeri a Amurka, na zauna ina jiran ya yaba.

Da muka yi waya, bai ko tada zancen jadawalin ba. Cewa ya yi, "Ɗana, shekara nawa ka yi kana kaɗawa?" Na ce, "Ɗaya da 'yan watanni, yallaɓai." Ya ɗan yi shiru. Ya ce in tashi in sa takalmin da nake kiɗa da shi, in zauna a kujerar da na saba, in ɗora ƙafa a kan fedar murya, in auna daga ƙasa zuwa saman gwiwa. Sannan in auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyina in na zauna a sake. Na auna, na faɗa masa. Ya ce zai ƙara inci biyu a ƙafafun jitar da kuma siraran rodin da ke haɗa fedoji da cikinta. Nan na fahimci dalilin da ya sa duk ɗage ƙafafun baya da na yi ta yi a tsohuwar bai yi magani ba: tsawon rodin nan shi ke yanke tsayin gaba, in ba a sauya shi ba, jitar sai dai ta tuntsura gaba ta bar ka da matsalarka.

Sai ya dawo kan jadawalina, ya yi masa aski. Feda uku, liba huɗu, wuya ɗaya. Na fara musu, ya ce, "Kuɗinka ne, in ka nace zan yi. Amma duk malamin da za ka je wurinsa, da duk darasin da za ka buɗe, da saitin kowa-da-kowa suke magana. In naka ya bambanta, kullum sai ka yi tafinta kafin ka kaɗa." Ya ƙara da cewa ranar da na so sayarwa, jita mai saitin da kowa ya sani ba ta kwantai. Raina ya ɗan sosu a lokacin, ba zan ɓoye ba. Mai wuya biyun da na so ta kusan ninka kuɗin wadda ya ce zai yi mini, wato mutumin da bakinsa ya rage wa kansa ciniki.

Abu ɗaya ya bar mini in zaɓa da kaina, shi ne jerin fedoji. Tun shekarun 1950, lokacin da aka raba fedar Isaacs gida biyu, Buddy Emmons ya jera nasa A, B, C daga hagu, Jimmy Day kuma ya juya su C, B, A. Har yanzu da sunayensu ake kiran tsarin biyu. Bambancin a idon sawu yake, domin kiɗan kantiri rabinsa mirgina ƙafa ne daga kan feda biyu zuwa ɗaya. Ya ce in ajiye littattafai biyu a ƙasa, in taka su, in gwada ɗaga gefen babban yatsa, sannan gefen ƙaramin, in ji wanne ya fi zo mini da sauƙi. Na zauna kan na Emmons, wanda dama shi ya fi yawa a kasuwa. Wurin zaman liba ma binsa yake yi: a wannan tsari an fi sa libar F a hagun gwiwar hagu, ta saukewa a damanta, don gwiwa ta tafi inda ƙafa ta karkata.

Maganar injin ciki ba ta ɗauke mu minti biyu ba. Akwai tsohon tsarin ja-da-turi na jitar Emmons ta shekarun 1960, wanda masoyansa ke rantsuwa da muryarsa, amma gyaran saitinsa sai wanda ya iya. Nawa na ja-zalla ne, kamar yawancin na zamani: ka saita tsirkiya a kai, ka taka feda, ka murɗa ɗan notin roba a gefen dama da ƙaramin makulli, shi ke nan. Maimakon fenti ya ba ni shawarar fomaika, don ƙarfen hannu zai suɓuce ya faɗi, kuma ya faɗi, ba sau ɗaya ba. Na kuma zaɓi faffaɗan jiki mai matashin hannu a gurbin wuya na biyu, irin wanda makaɗi Lloyd Green ya sa aka sani a farkon shekarun 1970. Ya fi siririn jiki nauyi, amma dogon mutum na samun wurin sakin ƙafa.

Wata bakwai na jira. Ya ce biyar, kuma ban ji haushi ba, don na riga na ji cewa a wannan sana'a alƙawarin lokaci roba ne. Abin da zan gaya wa mai shirin oda shi ne ya nemi a rubuta komai, jadawali da tsayi da abin da aka biya na kafin alƙalami, kuma kada ya sayar da tsohuwarsa sai sabuwa ta iso.

Ba kowa ke bukatar bin hanyata ba. Mai matsakaicin tsayi da bai tabbatar zai ɗore ba, akwai na 'yan koyo da aka riga aka ƙera, irin su Stage One da Mullen Discovery, ko Carter Starter ta hannu. Wasu daga cikin irin waɗannan ba a iya sauya jadawalinsu, kuma ga ɗan koyo ni ban ɗauki wannan aibi ba. Ka dai ƙirga liba kafin ka biya. In ba su kai huɗu ba, ka tambayi waɗanne ne babu. Wanda ya kai tsaka-tsaki kuwa, wanda ya fara jin wata murya a kansa da jitarsa ba ta iya fitarwa, shi ne ya cancanci zama da maƙeri a yi zancen ƙari.

Ranar da ta iso, a kife take cikin akwati, yadda duk suke zuwa. Na ɗaura ƙafafu, na maƙala allon fedoji, na rataya rodi uku bisa lambarsu, na juyo ta. Na zauna, gwiwata ta shige ƙasa da sauran tazarar yatsa biyu, liba na jingine da wandona ta kowane gefe ba tare da na nemo su ba. Ba ta mayar da ni gwani ba. Tsirkiya ta 3, siririyar nan da fedar B ke wahalarwa, tana tsinkewa kamar yadda ta saba. In na taka A da B, tsirkiyoyin E na ɗan yin ƙasa kaɗan saboda jikin jitar na saddawa, kamar kusan kowace. Amma na yi awa biyu a zaune ban tuna da bayana ba, kuma na bi ta layi na 6 na hau 10 karo na farko, da kuskure, da gyara.

Da na kifa ta bayan wata guda don in sa mai, sai na ga ya bar huji biyu a ƙarfen ciki, babu komai a jikinsu. Na tambaye shi, ya ce gurbin liba ta biyar ce, mai ɗagawa sama da gwiwa, wadda ke sauke tsirkiya ta 5 da ta 10 rabin mataki. Ya ce in kira shi ranar da zan iya faɗa masa waƙar da nake bukatarta a ciki. Shekara biyu ke nan, hujin na nan yadda ya bar su. Makon jiya na ɗauka na samo waƙar, sai na gano in na tura ƙarfena gaba layi ɗaya na taka B, muryar da nake nema tana nan a tsirkiya ta 6.